Jazz da blues ta satalayit: rediyon biya ko dish na kyauta?

Tambayar da aka turo ita ce: "Salam. Ni mai son jazz da blues ne sosai, tashoshin FM da nake kamawa ba sa saka su sai jefi-jefi. Wani ya ce in sayi rediyon satalayit irin wanda ake biya duk wata, wani kuma ya ce in kafa dish kawai in kama na kyauta. Wanne ya fi, kuma me zan saya?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ji daɗin tambayar nan wallahi, don ba kullum ake samun wanda jazz da blues suka dame shi har ya fara tunanin kafa dish saboda su ba. Na daɗe a harkar haɗa satalayit kuma kiɗan nan shi ne abin da nake ji da dare, to ka yi haƙuri amsar za ta ɗan yi tsawo.

Abu biyu ne ba ka faɗa ba kuma su ne kan gaba, wace ƙasa kake zaune, sannan a ina ka fi sauraro, a mota kana tafe ko a ɗaki gaban sifika. Duk wanda ya ce maka sayi kaza bai tambaye ka waɗannan ba to shaci-faɗi yake yi. Mutum biyun da suka ba ka shawara ma ba abu ɗaya suke magana a kai ba, sunan satalayit ne kawai ya haɗa su.

Bari in fara da na biyan. Yau in an ce rediyon satalayit na biya to SiriusXM ake nufi, kuma na Arewacin Amurka ne. Da can kamfani biyu ne, XM ya fara aiki a 2001, Sirius ya biyo shi a 2002, suka yi ta gasa suna tafka asara har suka haɗe a 2008. Siginarsu tana saukowa a wajen 2.3 GHz da ƙarfin gaske, shi ya sa babu ruwanka da dish, 'yar eriya ce da ba ta kai tafin hannu ba ake manna ta a rufin mota, kuma a manyan birane sun kakkafa na'urori a ƙasa masu maimaita siginar saboda dogayen benaye suna tare sama, sannan rediyon da kansa yana riƙe sautin 'yan daƙiƙu a cikinsa ta yadda za ka wuce ƙarƙashin gada ba ka ji ya yanke ba. Tun daga tushe don direba aka yi abin. Wani abu da na san zai burge ka, taurarin XM biyu na farko sunansu Rock da Roll, na bayansu kuma Rhythm da Blues, wato akwai tauraron ɗan adam da aka harba a 2006 mai suna Blues.

Ta fuskar kiɗan da kake so kam suna da kaya. Akwai Real Jazz mai saka jazz na ainihi, tsoho da sabo, akwai Watercolors mai saka irin mai laushin nan da wasu ke so wasu kuma ba sa ɗaukarsa jazz ma, sannan akwai B.B. King's Bluesville, wadda take ɗauke da sunan shahararren mawaƙin da ya rasu a 2015, ita blues ce dare da rana babu hutu. Tashoshin kiɗansu babu talla a ciki. Kada ka haddace lambar tasha don sukan canza jerin, sunan za ka riƙe. In kana Amurka ko Kanada kuma rabin rayuwarka a kan titi take, musamman doguwar tafiya inda FM ke ɓacewa waya ma ta rasa sabis, to ni ba na jin akwai abin da ya kai shi, kuma a ɓangaren blues ya yi wa dish na kyauta fintinkau, wannan gaskiya ce ba zan ɓoye maka ba duk da ni mutumin dish ne.

Inda nake da ƙorafi da su shi ne sauti. Hukumar sadarwar Amurka ta ba kowanne cikin kamfanonin biyu fili mai faɗin 12.5 MHz ne kacal, a ciki aka cusa tashoshi sama da 100, kiɗa da labarai da wasanni da surutu, to dole kowace tasha a matse ta sosai. Kuma cikin duk kiɗan duniya jazz yana sahun gaba wajen tona asirin matsi. Ga yadda za ka gwada da kunnenka. Ka bar bin mai busa, ka sa hankalinka a kan faifan tagullar nan da mai ganga yake bugawa da sanda, wanda ke riƙe da tafiyar kiɗan gaba ɗaya. A sauti mai kyau za ka ji kan sandar ya taɓa ƙarfe, tas, sannan amon ya baje ya ɗan jima kafin ya mutu. A sautin da aka matse bugun ya ɓace, sai wani shuuu mai rawa-rawa da ba ka san inda ya fara ba. Haka in mai gangar ya ɗauki buroshi yana shafa fata a kiɗa mai sanyi, haka ƙarshen amon fiyano, haka babban bes na katako wanda ya kamata ka ji yatsa yana fizgar tsirkiya amma sai ka ji gum gum kawai. Dalili shi ne irin waɗannan dabarun matsin ba sa aiko saman sautin yadda yake, rediyonka ne yake ƙirƙiro shi daga ɗan bayanin da aka turo masa. Blues ya fi jure wannan, tunda murya da jita da hamonika duk a tsakiyar sauti suke zaune, sai dai in an sako tsofaffin faya-fayan shekarun 1920 da 1930 masu ƙarar allura, nan ma za ka ji ƙarar tana wani lilo. A mota ƙarar taya da iska suna rufe yawancin wannan. A ɗaki shiru da sifika mai kyau babu abin da zai ɓuya. Shi ya sa wanda yake can kuma a gida zai saurara, gara ya yi amfani da manhajarsu ta intanet, sautinta ya fi wanda ke saukowa daga sama.

In kuwa ba a Arewacin Amurka kake ba to ka cire wannan daga lissafi gaba ɗaya. Ko wani ya kawo maka rediyon tsaraba, ko ka sayi mota da aka shigo da ita da maɓallin SXM ko SAT a jikinta, ba zai kama komai ba, taurarin suna can yamma suna haska jihohi 48 na Amurka da ke haɗe da kuma Kanada, babu eriyar da za ta jawo su zuwa wata nahiya. Kuma ka kiyayi tsofaffin rediyon WorldSpace da har yanzu akan gani a kasuwar kayan hannu. Kamfanin Noah Samara ne, ya harba AfriStar a 1998 da AsiaStar a 2000, ya yi wa Afirka da Asiya hidima har da tashar jazz a ciki, amma ya durƙushe a 2008 kuma shirye-shiryen sun daɗe da tsayawa. Abin ya yi kyau a lokacinsa, na yi baƙin cikin mutuwarsa, amma yau akwatin ba zai ba ka komai daga sama ba.

To sai na kyautan, wanda ake kira FTA. Shi wannan ba wani kamfani ba ne da za ka yi rajista da shi. Taurarin talabijin ne da ke tsaye a kilomita 35,786 saman layin tsakiyar duniya, wanda ya raba ta arewa da kudu, kuma a gefen tashoshin talabijin ɗin akwai ɗaruruwan tashoshin rediyo da suke tafe tare da su a buɗe babu kulle, mutane da yawa suna da su a risibarsu, wato akwatin da ke karɓar siginar dish, shekara da shekaru ba su taɓa danna maɓallin TV/Radio na rimot sun gani ba. Kuɗin kaya kawai za ka kashe sau ɗaya. Amma ka riƙe wannan da kyau, kowane tauraro kamar tocila yake, inda aka haska nan ne haske, tsakiya ya fi ƙarfi, gefe yana dusashewa, in ka fita daga da'irar kuma duhu ne ko da kana hango inda tauraron yake a sama.

Wanda Allah ya ajiye a Turai, ko gefenta ta Arewacin Afirka da wani sashe na Gabas ta Tsakiya, shi ne ya tsinci dami a kala. Wurare uku ne a sama suka fi muhimmanci, Astra a digiri 19.2 gabas, Hotbird a digiri 13 gabas, da Astra a digiri 28.2 gabas. A 19.2 akwai gidajen rediyon gwamnatin Jamus kusan dukkansu, kuma abin da mutane ba su sani ba shi ne Jamusawa sun riƙe jazz da hannu biyu, gidajen rediyonsu suna da manyan ƙungiyoyin makaɗa nasu na kansu da suke biya albashi, WDR Big Band a Kolon, NDR Bigband a Hamburg, hr-Bigband a Frankfurt, kuma tashoshi irin su WDR 3, BR-Klassik, hr2-kultur da Deutschlandfunk Kultur suna da shirye-shiryen jazz a kai a kai, suna ɗauko wasanni daga dandali, har da bikin jazz na Berlin da ake yi tun 1964. Ö1 ta Ostiriya tana nan ita ma da daren jazz ɗinta na ƙarshen mako mai kaiwa har asuba. Tashoshin Faransa da dama sun daɗe a wannan tauraron a buɗe, cikinsu da FIP da France Musique da TSF Jazz. A Hotbird kuma akwai Radio Swiss Jazz ta Suwizalan wadda ta shafe shekaru a wurin, babu talla, kusan babu magana, jazz ne da ɗan soul da blues a gauraye, irin wadda za ka kunna ka bar ta tun safe, talabijin ɗin Suwizalan a kulle yake amma rediyonsu a buɗe. Abin da ya sa nake fifita wannan ɓangaren a gida shi ne abu biyu. Na ɗaya sauti, tashoshin al'adu na Jamus ana ba su fili mai kauri, ninki da yawa a kan abin da rediyon biya ke ba kowace tasha, gwajin faifan tagullar nan za su ci shi cikin sauƙi. Na biyu kuma wanda ya fi min muhimmanci, wasannin da suke ɗauka da kansu, waɗanda yawancinsu ba za su taɓa fita a faifai ba. Jazz kiɗa ne da ake ƙirƙirarsa a take, waƙa ɗaya a buga ta daren jiya da daren yau ta fito daban, to gidan rediyon da ke kai makirfo wurin wasa yana ba ka abin da jerin faya-fayai ba zai ba ka ba komai yawansu. Eh mai gabatarwa zai yi magana da Jamusanci ko Faransanci, amma sunan makaɗi suna ne, za ka tsince shi, kuma sau da yawa yana fitowa a rubuce a fuskar risiba.

Blues ne matsalar. Tashar da ke yin blues zalla awa 24 a buɗe a kan dish abu ne mai wuyar samu, abin da ake da shi shirye-shirye ne na awa ɗaya ko biyu a mako. Fitacce a ciki shi ne na BBC Radio 2 da Cerys Matthews take gabatarwa tun 2018, bayan Paul Jones ya riƙe shi sama da shekara 30. A wannan tashar dai Jamie Cullum yana da shirin jazz tun 2010, BBC Radio 3 kuma tana da Jazz Record Requests da ake yi tun 1964. Duk suna 28.2, sai dai BBC tana amfani da matsattsen haske da aka nufa kan Birtaniya da Ailan, kana yin nisa cikin Turai girman dish ɗin da ake buƙata yana hauhawa da sauri har ya fi ƙarfin mutum. Kuma tashoshi suna tashi, Jazz FM ta Birtaniya ta daɗe a satalayit amma kamfanin da ya mallake ta ya janye tashoshinsa daga can a ƙarshen 2023. A Arewacin Amurka kuwa dish na kyauta ba wurin neman jazz ba ne, Galaxy 19 da ke digiri 97 yamma wanda masu FTA suka fi kamawa yawancinsa tashoshin addini ne da na baƙi 'yan ƙasashen waje.

Saboda haka tsarin sayayya a wurina kullum ɗaya ne, tasha tukuna, sannan tauraro, sannan dish, risiba a ƙarshe. Mutane suna yin akasin haka, su sayo akwati mai tsada sannan su fara neman abin da za su ji. Ka shiga LyngSat ko KingOfSat, shafukan intanet masu jera tashoshin da ke kan kowane tauraro, ka nemi sunan tashar a yau ɗin nan, ka tabbata tana nan kuma an nuna a buɗe take, ka rubuta firikwensi da simbol ret da harafin H ko V, wato bayanan da ake shigar wa risiba ta kama tashar, da irin sautin da take amfani da shi. Daga nan ka duba taswirar hasken a shafin SatBeams, kuma ka lura tauraro ɗaya yakan zama da haske fiye da ɗaya, wanda tasharka take ciki shi ne naka, ba wanda ya fi faɗi ba. A jikin taswirar za ka ga lambobi na dBW, wato ma'aunin ƙarfin sigina a kowane wuri. A ƙiyasce inda aka rubuta 50 dish mai santimita 60 ya isa, wajen 46 kana bukatar 80 zuwa 90, wajen 42 ka doshi mita 1.2, in kuma garinku ya faɗa bayan layin ƙarshe to kada ka bari mai sayar da kaya ya ce maka ai babban dish zai jawo, wani lokacin yana jawowa da daddare ya saki da rana, kuɗinka sun tafi a banza. Ninka faɗin dish sau biyu yana ƙara maka kusan 6 dB ne, ba sihiri ba ne. Ni shawarata kullum ka ɗauki wanda ya ɗara abin da taswira ta ce da mataki ɗaya, saboda ruwan sama.

Risiba kuma, mai sauraron rediyo bukatarsa daban take da ta mai kallo, kuma masu shago ba su cika sanin wannan ba. Dole ta zama mai tsarin kama sigina na DVB-S2 kuma tana karanta sautin AAC, wanda wani salon matse sauti ne. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, a ƙarshen 2021 gidajen rediyon ARD na Jamus suka bar tsohon tsarin MP2 suka koma AAC, mutane da yawa suka wayi gari risibarsu tana nuna sunan tasha, sigina a cike, amma shiru kake ji. Ka nemi wadda take da allo a gabanta mai rubuta sunan tasha da haruffa, ba mai nuna lamba huɗu kawai ba, in ba haka ba duk sanda za ka canza tasha sai ka kunna talabijin, kuma wannan shi ke kashe wa mutum sha'awar abin cikin mako biyu. Ka nemi mara fanka, don fanka tana ƙara kuma a kiɗa mai sanyi za ka ji ta. Ta zama tana da sikanin na makaho, wato ta bi ta zaƙulo tashoshi da kanta ba sai an shigar mata da lambobi ba, da wurin sa filashi don rikodin. Akwatunan Linux masu tsarin Enigma2 irin su Vu+, Dreambox ko Octagon sun fi daɗin sarrafa jerin rediyo, kana iya shirya shi daga kwamfuta ko waya, amma suna son mai haƙurin koyo. Mai araha ma tana yi in ta cika sharuɗɗan nan. Batun 4K kam bai shafe ka ba ko kaɗan.

Sai yadda za ka fitar da sautin, a nan ne mutane ke zubar da duk ribar da suka samo. Kada ka saurari jazz ta sifikar talabijin. Ramukan ja da fari na bayan risiba mai araha ma sautinsu ba wani abin kirki ba ne. Ka nemi risiba mai ramin optikal, ka ja wayar haske zuwa amfilifaya ko ƙaramin DAC, wato na'urar da ke mayar da sautin dijital irin wanda amfilifaya ke karɓa, ka shiga saitin sauti ka zaɓi PCM, don amfilifaya da yawa ba sa gane AAC in an turo musu shi ɗanye. Wayar hasken tana da wani amfani kuma, sau da yawa in ka haɗa risiba da amfilifaya da wayar ƙarfe za ka ji wani huuum a ƙasa-ƙasa wanda ba ya tafiya, ka zare kebul ɗin dish ya ɗauke, ka mayar ya dawo, wannan bambancin wuta ne tsakanin dish da kayan ɗaki yake bin jikin waya, optikal kuwa babu ƙarfe a cikinta don haka babu hanyar da zai bi. Sannan ka ƙure ƙarar risiba ka riƙa ragewa daga amfilifaya.

Wajen kafawa, in kana arewa da tsakiyar duniya dish kudu zai kalla, in kana kudu ya kalli arewa, shafin DishPointer zai zana maka layin a kan hoton gidanka ka ga ko bishiya ko katanga ta shiga tsakani. Dish ɗin da LNB ɗinsa, wato kan da ke gaban dish mai karɓar sigina, yake a ƙasa-ƙasa yana kallon sama fiye da yadda ido ke gani da digiri 20 da wani abu, kada tsayuwarsa ta ruɗe ka. Sandar ta miƙe cak, ka auna ta, in ta karkace komai zai ba ka wahala. A menu ka sa LNB a Universal, 9750 da 10600, in ka kuskure wannan rabin tashoshi ba za su fito ba. Layi biyu za ka gani a allo, na ƙarfi da na kwaliti, ka manta da na ƙarfi, ko bango dish ya kalla zai nuna wani abu. Na kwaliti shi ne magana. Ka sassauta ƙusoshi kaɗan, ka tsaya a bayan dish ba a gabansa ba, ka tura shi kamar faɗin yatsa ka tsaya ka ƙirga uku, don risiba tana ɗan jinkiri kafin ta nuna, ka sake turawa, dish mai santimita 80 abin da yake gani bai fi digiri 2 da ɗoriya ba, in ka yi sauri za ka wuce tauraron ba ka sani ba. Da layin ya yi tsalle sai ka gyara sama da ƙasa, sannan ka murɗa LNB a cikin zobensa a hankali hagu ko dama har lambar ta daina hawa, wannan murɗawar ita ce mutane ke tsallakewa kuma ita ce ke raba dish mai jure hadari da mai yankewa da an fara yayyafi. Wajen ɗaure ƙusoshi ka riƙa yi bi da bi kana kallon allo, don ɗaurin kansa yana jan dish. Kebul RG6 mai kyau, kan F ɗin da ke waje, wato ƙarfen bakin kebul, a naɗe shi kada ruwa ya shiga.

In kana son Astra 19.2 da Hotbird tare, tazararsu digiri 6 ce da ɗan kai, akwai LNB mai kai biyu da aka yi musamman don su, dish ɗaya mai santimita 80 kebul ɗaya. In za ka ƙara 28.2 sai ka sa LNB daban-daban da makunnin DiSEqC mai haɗa su a kebul ɗaya, na 1.0 yana ɗaukar guda 4. Dish mai injin juyawa ban cika ba mai rediyo shawararsa ba, jiran juyawa tsakanin tasha da tasha yana gundura, kuma in ka sa rikodin biyu a taurari daban ɗaya zai faɗi.

Rikodin ɗin nan fa shi ne sirrin jin daɗin FTA, musamman gare ka mai son blues. Tunda shirye-shiryen a warwatse suke kuma yawanci cikin dare agogon Turai, sai ka zauna sau ɗaya ka sa taima mai maimaita kanta duk mako, wannan ranar Litinin, wancan daren Asabar, ka ƙara minti 5 gaba da baya. Risiba tana ajiye sautin ne yadda ya sauko babu sake matsewa, kuma ba ya cin wuri, tasha mai 256 kbps wajen MB 115 take ci a awa, filashi mai GB 32 zai ɗauki sama da awa 250. Kafin wata biyu ka tara abin da za ka ji a mota ma. Ka dai duba saitin agogon risiba da kyau, kuma ka tuna Turai suna matsar da agogonsu a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba.

Abu biyu za su riƙa yanke maka sauti kuma ba lalacewa ba ce. Ruwan sama mai ƙarfi yana shanye siginar Ku da ƙananan dish ke kamawa, wadda ke tsakanin 10.7 da 12.75 GHz, kuma dijital ba ya dusashewa a hankali irin na FM, ƙyat ƙyat biyu sai shiru. Sannan wajen Maris da kuma Satumba zuwa Oktoba akwai 'yan kwanakin da rana ke bi ta bayan tauraron daidai, sigina ta ɓace na 'yan mintuna ta dawo da kanta, kada ka hau ka taɓa dish. Masu kama ɗayan zangon sigina, wato C-band, da manyan dish ruwa bai cika damunsu ba, su kuma 5G ne ya shigo musu a ƙasashe da dama har sai an sa tacewa a gaban LNB.

In ka duba taswira ka ga kana wajen duka biyun, misali can kudu da Sahara ko Kudancin Asiya ko Kudancin Amurka inda hasken Turai ba ya kaiwa SiriusXM ma babu, to kada ka wahalar da kanka. Ka yi sikanin na makaho a taurarin da ke haska yankinku ka ga rediyon da ke ciki, wani lokacin akan dace, in kana da dikodar talabijin ta biya ma ka leƙa ƙarshen jerin tashoshi don wasu kamfanonin suna sa tashoshin kiɗa zalla a can. Amma jazz da blues na gaske ta intanet za ka same su, WBGO ta Newark da ke yin jazz tun 1979, WWOZ ta New Orleans mai haɗa jazz da blues na garin da kiɗan ya taso, da yawancin tashoshin Turai da na lissafa. Tasha mai 128 kbps tana cin wajen MB 58 a awa, awa 4 kullum ya kama kusan GB 7 a wata, sai ka auna da aljihunka. Su kuma akwatunan da ake cewa suna buɗe tashoshin kulle ta bayan fage ka bar su, haramtacciyar hanya ce, yau su yi gobe su mutu, kuma kiɗan da kake nema dama ba a kulle yake ba.

Ka turo min sunan ƙasar da kake da garin da ya fi kusa da kai, da ko kana da wurin da za ka kafa sanda babu abin da ya tare sama, sai in duba maka taurarin da ke kai wa wurin da girman dish ɗin da zai riƙe su.